Komin Ƙarfen da Mijina Ya Ƙera

Ranar da mijin autata ya kira ni ta wayar maƙwabciyata, na san akwai magana, domin tunda ya auri ƴata bai taɓa wuce gaisuwa da ni ba. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafafuna, sannan ya ce, “Inna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba zan kawo ta goyon ciki ba sai an fitar da ƙarfen nan daga ɗakinki.”

Na miƙa wa maƙwabciyata wayarta, na koma ɗaki na zauna bakin gado ina kallon abin da yake magana a kai. Komin dabbobi ne na ƙarfe, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, mai ƙafa huɗu, ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta. Mijina ne ya ƙera shi, kuma shi kaɗai ya rage mini daga aikin hannunsa.

Ni ban yi lakwal ba, ban san karatun boko ba. Matar katashis ɗinmu, mai koyar da addini a majami'armu, ita ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye alƙalami.

Mu Arawa ne, daga ƙasar Dogon Dutsi. Mijina ya zama Kirista tun yana yaro a wurin su mompe, limaman Katolika, ni kuwa sai bayan aure na bi shi. Mun zo Arlit lokacin da unguwar Bukoki duk bukkokin tabarmi ne da kwali. Aikinsa sudir ne, haɗa ƙarfe da wuta, a izin, wato masana'antar da ake niƙa dutsen yuraniyom da kamfani ke haƙowa. Ba mu samu gida a site, unguwar gidajen kamfani, ba, wannan na manya ne. A zamanin nan duk abin da ka gani na ƙarfe a unguwarmu daga bolar kamfani ya fito: ƙyauren ƙofa, azarar ɗaki, ludayi, tukunyar dafa ruwan jego. Ma'aikaci ya taso ya riƙo guntun tiyo, bututun ƙarfe, a hannu, ba mai ce masa ajiye. Muna ganin arziki ne Allah ya zubar mana a bakin hanya.

Kakata ƴar bori ce. Na tashi ina ganin yadda iska ke hawan mace, ta yi magana da bakinta, ta ci da bakinta, in an gama a yi atishawa ta sauka ta bar godiyarta, wato matar da ta hau, a yashe. Saboda haka da ake koya mini addini kafin a yi mini baftisma, tsohon mompe ya tambaye ni abin da na gane game da zuwan Yesu, sai na ce masa na gane sarai: Allah ne ya hau shi kamar yadda iska ke hawan godiya. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Sannan ya ce a'a. Ya ce iska aron jiki take yi, ta mayar da shi a ragargaje, kuma ba ita ke kwana da ciwon ba. A nan kuwa babu mahayi babu doki, mutum ɗaya ne. Bai yi aro ba. Ya ɗauki tsoka da jini a cikin Maryamu suka zama nasa, yunwar tasa ce, gajiyar tasa ce, kuma ba zai taɓa tuɓe jikin ba, ko yanzu da yake sama yana tare da tabon ƙusoshin.

Na ce, “Har abada?”

Ya ce, “Har abada.”

Na ce, “To lalle ya ɗauko wa kansa wahala.”

Babban abokin mijina direban kar ne, babbar mota mai kai ma'aikata izin yana dawo da su. Bafillace ne daga wajen Tawa, Musulmi wanda salla ba ta wuce shi. Tsakanin Bafillace da Ba'are akwai wasa, ba wanda zai faɗa wa ɗaya magana ya yi fushi. Don haka abin da wani ba zai iya furtawa gaban Kirista a garin nan ba, shi yana faɗarsa a tsakar gidana, hannunsa cikin kwanona. Bawana yake kiran mijina, ni kuma matar bawana.

Yakan shigo yana cewa, “Kai bawana, Allahnka ya ci tuwo yau?”

Mijina ya ce, “Ya ci, har ya nemi ƙari. Ba irinku ba ne da za ku lashi ƙwarya ku ce kun ƙoshi.”

“To in ya ci, ina yake zagawa?”

“Inda kake zagawa.”

Sai Bafillace ya kama baki ya ce, “A'uzubillahi! Matar bawana, kina jin mijinki? Ku Arawa bori bai sake ku ba, shi ya sa.”

Wata rana kuma ya ce in Allah yana da ɗa to wace ce matar, kuma wa ya kai sadaki. Mijina ya ce ba mu taɓa cewa Allah ya yi aure ba, ko ya kusanci mace. Ya ce Ɗan da muke faɗa yana tare da Uba tun babu mace babu namiji, kamar yadda maganar mutum take cikinsa kafin ta fito. Bafillace ya ce in haka ne, ranar da jaririn ke barci a bayan uwarsa wa ke riƙe da duniya? Ranar Lahadi ce, mijina yana gyara wa wata maƙwabciya murhu a ƙofar gida. Ya sa guntun ƙarfe a wuta har ya yi jawur, ya ɗaga shi da awartaki.

Ya ce, “Wannan ƙarfe ne ko wuta?”

“Ƙarfe ne.”

“To kama.”

“Ka ga mahaukaci. Wuta ce.”

“Yanzu ka ce ƙarfe ne. Duka biyun ne, kuma ba wanda ya cinye ɗan'uwansa. In na doke shi da guduma, ƙarfen ne ke lanƙwasa, wutar ba ta karye ba. Kuma don ta shiga ƙarfen nan ba ta ƙare a murhu ba.”

Bafillace ya ce, “Ajiye shi ka ga in bai huce ba.”

Mijina ya ce, “Wancan ba ya hucewa.”

Haka suka yi shekara talatin. Ba wanda ya ja wani zuwa addininsa. In azuminsu ya zo ni ke dama masa kunun shan ruwa in yana bakin aiki, in Nowel, bikin haihuwar Yesu, ta zo shi ke kawo mana akuya daga garken ƙanensa a Gugaram, ya ce a yanka wa Allahn da ke jin yunwa.

Shekarar da na haifi auta aka yi komin. Da can kwali muke naɗewa mu sa ciyawa a bukkar Nowel cikin majami'a. Mijina ya ce kwali ba mutunci ba ne. Ya samo guntun babban tiyo daga izin, ya tsaga shi biyu, ya kankare cikin da yashi har ya yi sumul, ya yi masa ƙafafu. Kwana huɗu yana yi bayan ya taso aiki. A shekarar kuma aka aiko mana da sabuwar siffar jariri daga Agadas, ta farar ƙasa, amma hanya ta farfasa ta. Da aka buɗe kwalin, kai daban, hannu daban. Safiyar Nowel ta yi, ga komi sabo, ba abin kwantarwa. Autata tana da kwana arba'in da ɗaya, ranar na fara fita. Wata masera, cikin matan nan da suka ba da kansu ga aikin majami'a, ta dube ni ta dubi komin, ta miƙo hannu. Na kwance goyo na ba ta.

Ƴata ta kwanta cikin ƙarfen nan tun daga farkon Misa har ƙarshe. Da aka zo wurin da muke durƙusawa, inda ake shaida cewa ya zama mutum, sai ta yi fitsari ya bi ta ƙasan ciyawa yana ɗiga a siminti. Mutane suka yi ta ƙunshe dariya. Mompe ya ce kada a goge tukuna, wa'azin yau ke nan, domin shi ma ya yi wa uwarsa haka. Ban taɓa jin daɗi a rayuwata kamar ranar ba. Ina faɗar wannan ne don a san abin da aka ɓata mini.

Daga nan ya zama al'adarmu. Ko da aka sami wata siffar, duk jaririn da aka haifa a shekara sai an kwantar da shi cikin komin ranar Nowel, ko na ɗan lokaci ne. Matan Togo da na Benin da ke cikinmu har rige-rige suke yi. Da hannuna na karɓi jarirai da yawa na shimfiɗe su a ciki, ina yi musu wasa.

Tari ya kama mijina bayan ya bar aiki. Shekara uku yana yi. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce sigari ne, shi da ko warinsa ba ya so. Mutumin da ke ɗaga tano, gangar ƙarfe, shi kaɗai ya koma ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. A watannin ƙarshe ba ya iya kai kansa bayan gida, ni kuma ba ni da ƙarfin ɗaukarsa. Bafillace ne ke zuwa da hantsi da kuma la'asar, ya goya shi kamar yaro, ya kai shi, ya tsaya ya riƙe shi, ya dawo da shi. Wata rana ina wanke kwanon kakinsa na ji shi daga bayan abokinsa, da ɗan muryar da ta rage masa, yana cewa, “Ka gani, Bafillace? In Allah bai san wannan ba, me zan gaya masa?”

Bafillace ya ce, “Yi shiru, bawana, kana da nauyi.” Alhali ba shi da nauyin komai.

Da ya rasu, shi ya riƙe diga tare da mazanmu. Da aka fara addu'a ya koma bayan katangar maƙabarta ya tsaya har muka gama.

Bayan haka garin ya fara zubewa. Aka rufe ramin haƙar dutse ɗaya, mutane suka kwashe iyalansu. Majami'ar da a da sai ka zo da wuri za ka sami benci, ta koma ana jin amsa-kuwwa. Mompe sai jefi-jefi yake zuwa. Shekara biyu a jere ba a haifi jariri ko ɗaya a cikinmu ba. Na roƙi katashis ya ba ni komin in ajiye a gida, in Nowel ta zo in kawo. Na sa shi jikin gadona, wajen kai. A ciki nake ninke zannuwana. In na farka ina lalubar gefen da mijina ke kwanciya, sai in miƙa hannu in shafa wurin da ya yi ɗinkin wuta, domin ɗinkinsa ba ya kama da na kowa, ƙanana ne a jere kamar ƙwayar gero. Shekara bakwai muna haka.

Bafillace ne ya kawo wani mai na'ura. Wasu mutanen gari ne suka haɗu suna bi gida gida suna auna ƙarafa don gano masu dafin dutsen, ya je ya kira ɗaya daga cikinsu ba tare da ya shawarce ni ba. Na'urar ƴar ƙarama ce, tana kuka kamar gyare. A ƙofar gida ɗaiɗai take yi. A kan tukwanena ma haka. Da ya shiga ɗaki ya kai ta bakin komin, sai ta rikice kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Mutumin ya ja da baya. Ya tambaye ni tun yaushe nake kwana kusa da shi, na faɗa masa. Ya ce tiyon nan ruwan dutsen ya bi ta cikinsa shekaru, dafinsa ya shige jikin ƙarfen, wanki ba ya fitar da shi, kankara ba ta fitar da shi. Na ce ai ya tsufa, ya fi shekara talatin. Ya ce, “Inna, irin wannan ba ya hucewa.”

Na ji maganar har cikin haƙorana.

Na tambaye shi jariran fa. Ya ce wanda aka kwantar na ɗan lokaci, da wuya a ce ga abin da ya same shi. Na ce wadda ta yi Misa guda a ciki fa, tana da kwana arba'in da ɗaya? Ya ce ba zai iya cewa i ba, ba zai iya cewa a'a ba. Autata ta yi ɓari biyu kafin wannan cikin. Ban gaya masa ba. Ya ce za su turo a ɗauka a kai inda ake binne irinsa. Na ce ba inda za a kai shi, na kuma nuna masa ƙofa.

Na san ba ni da gaskiya. Amma ku da za ku karanta, ku gaya mini: kamfani ya ci ƙirjin mijina, garin ya watse, ƴaƴana maza biyu suna can kudu ba sa zuwa, sai kuma a ce abu ɗaya da ya yi da hannunsa don Allah, shi ne dafin? Da ƙyauren ƙofa ne ko ludayi, da ni da kaina zan jefar.

Bafillace ne kuma ya buga wa mijin autata waya ya gaya masa. Washegarin kiran da surukina ya yi mini Bafillace ya zo, ya ƙi zama a tabarma, ya tsuguna bakin ƙofa. Bai ce matar bawana ba. Ya ce, “Ƴar'uwa.” Nan na san ba wasa ya kawo shi ba.

Ya ce, “Shekara talatin ina ja da mijinki, ban taɓa so in kayar da shi ba. Yau ina so. Bar maganar tuwo, bar maganar bayan gida, wannan duk wasa ne. In da wanda kuke tunawa a komin nan Allah ne, kuma ya san jikin jariri kamar yadda kuke faɗa, da ya bari kuna sa ƴaƴanku a ciki shekara da shekaru? Ko a mafarki ai ya gaya wa ɗayanku. Namu yana sama, ba mu ce ya taɓa kwanciya cikin zani ba. Naku da ya kwanta, ina ya shiga?”

Na ce, “Kai ka kai ƙarata wurin surukina.”

Ya ce, “Ni ne. Gobe ma zan sake.”

Na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya tashi. Amma tambayarsa ba ta tashi ba, domin tawa ce, shi dai ya riga ni furtawa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya aka yi sa'a mompe ya zo, wani saurayi da bai kai ɗana na fari ba. Bayan Misa na tare shi a inuwar bango na zazzage masa duka. Na ce masa kuma, tunda an fara, Yesu daga safe zuwa la'asar ya sha tasa azabar aka sauke shi, mijina shekara uku. Na zaci zai tsawata mini. Amma sai ya ce bai san dalilin da ya sa Ubangiji bai yi magana ba. Ya ce ko lokacin da aka haifi Yesu, an karkashe jariran garin saboda shi, uwaye suka yi kururuwa, bai hana ba. Ya ce bai zo ya tsaya a bakin rami yana yi mana gargaɗi ba, ramin ya shigo, ya shaƙi abin da muke shaƙa, kuma jikin da ya tashi da shi daga kabari shi ne alkawarin cewa ƙirjin mijina ma za a mayar masa.

Na ce, “Wannan ba amsa ba ce, mompe.”

Ya ce, “Ba amsa ba ce, Inna. Shi ne abin da nake da shi.” Sannan ya ce, “Amma ƙarfen nan ki ba da shi. Allah bai zama ƙarfe ba, mutum ya zama. Abin da ke cikin ƴarki ya fi komin kusa da shi.”

Na tafi gida ina jin haushinsa, ina jin haushin Bafillace, ina jin haushin mijina da bai bar mu da kwalinmu ba. Wanda na fi jin haushi ban ambace shi ba, amma gicciyen da ke rataye a ɗakina na juya fuskarsa bango kwana uku. Ban daina gaskatawa ba. Da na daina, da na huta. Ba a fushi da wanda babu.

Ranar Laraba autata ta kira da kanta. Ba ta yi mini maganar ƙarfe ba. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ta ce abin yana motsi sosai in ta sha ruwan sanyi. Can ta ce, “Inna, ina jin tsoro. Ina so ke ki yi mini wanka.” Na ce ta gaya wa mijinta ya shirya kawo ta.

Na aika a gaya wa Bafillace a zo a ɗauki komin. Suka zo su uku har da shi a mota, biyu da safar hannu da abin rufe hanci. Na kwashe zannuwana. Ɗaya ya kama ƙafar komin zai ja shi a ƙasa, na ce kada ya kuskura, a ɗauke shi. Bafillace ya ture shi, ya sa hannu biyu ba safa ya rungume komin a ƙirji ya fita da shi. Suka yi ta yi masa faɗa, ya ce shekarunsa sun wuce a tsorata shi. Suka naɗe komin da baƙar leda suka ɗaure. Na tambayi inda za a binne shi, suka ce can cikin shinge, ba a barin kowa shiga. Ko kabarinsa ba zan gani ba.

Mai na'urar ya sake auna ɗakin ya ce yanzu lafiya lau. Duk da haka na fitar da komai waje. Na wanke siminti da omo sau uku da waɗannan ƙafafun nawa. Na ƙone zannuwan da suka kwana a ciki, har da na aurena. Na sa aka shafe bango da farar ƙasa. Na tanadi itace, na sayi sabuwar tukunya daga kasuwa wadda aka auna a gabana, na nemo kanwa da gero na kunu, na aika Gugaram a samo mini man shanu. Na ɗinka ƴan riguna biyu da hannu.

Saura kwana shida su taso surukina ya sake kira. Ya daɗe yana gaisuwa. Ya ce ya yi shawara da wani lokotoro, likita abokinsa, ya ce ƙarfen da ya shekara bakwai a ɗaki, shi hankalinsa bai kwanta da ɗakin ba, bai ma kwanta da garin ba. Ya ce za ta haihu a Agadas, yayarsa za ta yi mata wanka. Na ce an auna, an ce lafiya lau. Ya ce, “Na sani, Inna. Ki gafarce ni. Biyu sun zube, ba zan iya ba.”

Me zan ce masa? Da ni ce shi, da haka zan yi. Wannan ne ya fi ci mini rai, ba wanda zan kama in ce shi ne azzalumi. Na koma ɗaki, ga bango fari tas, ga itace jibge, ga gurbin ƙafafu huɗu a siminti.

Ta haihu ranar wata Asabar da hantsi, mace. Bafillace ne ya zo da labarin, domin wayarsa mai hoto ce. Rabonsa da gidana tun ranar da ya ɗauki komin. Ya zauna a tabarma wannan karon, ya miƙo mini wayar. Na ce ya ƙara girman hoton. Ya sa yatsu ya buɗe. Na duba hannun dama, na duba na hagu, na sa ya gangara ƙafafu. Duk sun cika. Goshin na mijina ne.

Ya ce, “Allah ya raya.”

Na ce, “Amin.”

Ya bar ni ina kallo har wayar ta yi duhu, ya sake kunna mini. Can ya ce, a hankali, ba da tsokana ba, “Ƴar'uwa, ni har yanzu ban gane ba. Ya aiko annabawa, ya aiko saƙo. Me ya rage da sai ya zo da kansa?”

Na ce, “Ga saƙo a hannuna. Ka ga na ƙoshi?”

Ya leƙo hoton.

Na ce, “Ban ji nauyinta ba. Ban shinshini kanta ba. Wata ce can take gasa mata cibiya. Ka kawo mini hoto ɗari, ba abin da ya rage mini.”

Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ya ce wannan maganar mata ce, ba hujja ba ce, kuma da bawansa yana nan da ya fi ni iya tsara ta. Na ce da bawansa yana nan da ban tsaya magana da Bafillace ba. Ya yi ƴar dariya, ni ban yi ba.

Surukina ya ce in zo suna. Bafillace ya yi magana da wani direba da ya sani, zai ajiye mini kujerar gaba ranar Alhamis saboda ƙafafuna. Man shanun da rigunan biyu na ɗaure su a ƙullin zani. Jiya na kwance na sake dubawa, na fitar da rigunan, domin a ɗakin nan na ɗinka su, kuma ba na so a karɓa a yi mini godiya a ajiye su bayan ƙofa. Hannuwana ne ban san yadda zan yi da su ba. Shekara talatin suna wanke kayan aikin mijina, shekara bakwai suna shafa ƙarfen. In na isa zan zauna inda aka nuna mini, ba zan miƙa su ba. In ƴata ta ɗora mini ita, to. In ba ta ɗora ba, ba zan tambaya ba.